Kwana Huɗu a Birnin Bakin Tafki

Ina gaida uwayen gida da amare, da 'yammatanmu na makaranta, waɗanda aka ce mini su ne ke karanta wa iyayensu wannan fili da dare bayan an ci tuwo. Allah ya yi muku albarka.

Makon jiya wata uwargida ta nan cikin garin Sakkwato ta aiko mini da takarda, ta roƙe ni in sakaya sunanta. Ɗiyarta ce ke karatu a birnin Shikago na ƙasar Amurka, za ta gama cikin watan Yuni, an kuwa gayyaci uwar zuwa bikin ba da takardun shaida. Maigida ya yarda, ƙanenta zai raka ta. Amma kwana huɗu kaɗai za su yi, domin gida ba ya zama ba mai shi. Ta ce in ban da aikin Hajji ba ta taɓa fita ƙasar nan ba, tana so in gaya mata yadda za ta shirya, da abin da ya kamata ta gani. Ni ma sau ɗaya na taɓa zuwa garin, na kwana biyar. To, Hajiya, ga abin da na sani. Sauran 'yan'uwa kuma ku matso kusa, ko ba ku da niyyar tafiya, domin akwai wani kayanmu da ke ajiye a gefen garin nan wanda ya kamata kowace Basakkwata ta ji labarinsa.

Mu fara da takardar izinin shiga, watau biza, gama in babu ita sauran zancen duk tatsuniya ce. Daga watan Maris 2023 Amurka ta riƙa ba 'yan Nijeriya masu zuwa ziyara biza ta shekara biyar. A watan Yuli 2025 aka rage ta, ta koma ta wata uku, shiga ɗaya tak. A watan Disamba 2025 kuma Shugaba Trump ya sa hannu a wata sanarwa wadda ta tsai da ba 'yan Nijeriya sabuwar bizar ziyara da ta karatu daga ran 1 ga Janairu 2026, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Sanarwar ba ta soke bizar da ke hannun mutum kafin wannan rana ba. Ke Hajiya kin ce tun 2024 kika sami taki, saboda haka kin taki sa'a. Duk da haka, kafin a biya ko kwabo na tikiti, ɗiyarki ta duba shafin ofishin jakadancin Amurka a intanet ta ga abin da ake ciki a ranar, domin dokar nan ta sauya sau uku cikin shekara uku. Wadda kuma ba ta da biza, kada wani mai zaƙin baki ya karɓe mata 'yan kuɗin adashinta da sunan ya san hanya.

Ki sani kuma, biza izinin ƙwanƙwasa ƙofa ce kurum. Can filin jirgi akwai ma'aikacin da zai tambaye ki abin da ya kawo ki, da inda za ki sauka, da ranar komawarki. Ki riƙe takardar gayyata, da adireshin masauki, da tikitin komowa a jakar hannu. Ki faɗi gaskiya a taƙaice. Ranar da kika ce za ki komo kuwa, ki komo. Cikin dalilan da aka bayar na tsuke ƙofa har da yawan masu wuce kwanakin da aka ɗibar musu, kin ga laifin wasu ya shafi 'ya'yan wasu.

Tafiyar kanta doguwa ce. Daga filin jirgi na Sarkin Musulmi Abubakar III za ki tashi zuwa Abuja, daga can kuma sai kin sake jirgi a hanya, ko Landan, ko Farankfot ta Jamus, ko Istambul, ko Doha. Tsallake tekun Atlantika daga Turai kaɗai wajen awa tara ne. In an haɗa da jira, yini da kwana sun tafi. Saboda haka kwana huɗun can, mako guda ne a lissafin gida, sai ki bar wa yara cefanen mako. Agogonsu kuma yana bayan namu da awa shida daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni awa bakwai. Lokacin da kike sallar azahar a can, mu nan mun yi lisha. Jikinki ba zai yarda da wannan canji nan da nan ba. Da la'asar barci zai danne ki, da tsakad dare ido ya bushe. Kada ki ɗora wa ranar farko komai sai wanka da hutu.

Na san halinmu, ba mu zuwa wurin ɗa hannu sake. To, kilishi da dambun nama su zauna gida, dokarsu ta hana shiga da nama daga ƙasashe irin namu, kuma suna da karnuka masu sansana kaya. Kuka da kuɓewa busassa da yaji da daddawa, in kin ɗauka, ki ƙunshe su da kyau, ki faɗa wa ma'aikaci da bakinki cewa kina da abinci, shi ya duba ya ce wannan ya wuce, wannan ya tsaya. Wadda ta faɗa, iyaka a karɓe abin. Wadda ta ɓoye aka gano, tara ce za ta biya.

Yanzu mu shiga gari. Shikago tana cikin jihar Ilinoi, ita ce ta uku wajen girma a Amurka, bayan Niyok da Los Anjalas. Ƙidayar 2020 ta sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 700 a cikinta. Sunan garin daga harshen mutanen asali na ƙasar ya fito, sunan wata albasar daji ce mai wari wadda ke tsirowa a bakin kogin wurin. Da na ji haka na yi dariya, na ce ashe garin albasa na baro na zo garin albasa. Baƙon farko da ya kafa gida ya zauna a bakin kogin, cikin shekarun 1780, wani ɗan kasuwa ne mai jinin Afirka, ana kiransa Jean Baptiste Point du Sable. Ba a mai da wurin birni ba sai 1837, da mutum wajen 4,000. A shekarar nan ce Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, shekara 28 bayan ya gina Sakkwato. Ashe garinmu ne yaya. Sai dai ƙanen ya yi tsawon da yayan ba zai iya shafa kansa ba.

Abin da ya fi komai a garin shi ne ruwa. Tafkin Mishigan ke nan. In na ce tafki, kada zuciyarki ta tafi ga tafkin Kware ko madatsar Goronyo. Tsawonsa mil 307, ya fi tafiyar Sakkwato zuwa Zariya nesa ba kusa ba. Faɗinsa mil 118, ya yi kusan Sakkwato zuwa Gusau. In kin tsaya a bakinsa ba ki hango ƙetare, sai ruwa ya haɗe da sama, ga raƙuman ruwa suna dukan gaɓa kamar na tekun Jidda. Amma ruwan daɗi ne, babu gishiri, shi mutanen garin ke sha. Hukumar garin kuma ta yi wani abin kirki, ta bar yawancin bakin tafkin fili ga kowa, da ciyawa da itatuwa da rairayi, ga hanyar ƙafa mai tsawon mil 18. Talaka da mai kuɗi duk nan suke shan iska, ba a biyan komai. Ki tafi da tabarmarki ta salla da ɗan abin taɓawa, ki zauna da ɗiyarki da yammacin ranar farko. Amma ban da shiga ruwa. Yana da sanyi ko da zafi ake yi, yana kuma da igiya mai janye mutum, kowace shekara yana cin rayuka.

Tafkin nan shi ne jagoranki. Kullum yana gabas da gari. Titunansu a miƙe suke kamar zaren saƙa, waɗansu daga kudu zuwa arewa, waɗansu daga gabas zuwa yamma. Lambobin gidaje daga mahaɗar titin State da titin Madison suke farawa, kowace lamba 800 kuwa kimanin mil ɗaya ce. Wadda ta riƙe wannan, ta kuma san inda tafki yake, da wuya ta ɓace. In kuma ta rikice, matambayi ba ya ɓata.

Sai dai ga wani wuri da tafkin zai iya ruɗa ki. Mu nan gida in an ce gabas an ce alƙibla. Can ba haka ba ne, alƙiblar Shikago arewa maso gabas take. Dalili kuwa, duniya a dunƙule take kamar lemo, hanya mafi kusa daga can zuwa Makka ta wajen arewa take bi. 'Yan makaranta, ku sami zare ku aza shi bisa dunƙulalliyar taswirar duniya ta ajinku, bakin nan a Shikago, bakin can a Makka, ku ja shi ya miƙe, za ku gani da idonku. To, Hajiya, in kin fuskanci gabas sosai, sai ki karkata hagu kamar rabin tsakanin gabas da arewa. Lokutan salla ma daban suke. A nan magariba ba ta wuce tsakanin ƙarfe shida da bakwai da 'yan mintoci duk shekara. Can a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi, lisha sai bayan goma, asuba kuwa tun kafin ƙarfe huɗu ta yi. A Disamba kuma huɗu da rabi ba ta yi sai rana ta faɗi. Ba za ki ji ladan ba, sai ki sa ɗiyarki ta rubuta miki lokutan a takarda. Kuma ki saka 'yar ƙaramar buta ta roba cikin akwati, gama bayan-gidansu babu ita. In Jumma'a ta riske ku a tsakiyar gari, akwai masallaci a kan titin State, cikin wani bene, ana kiransa Downtown Islamic Center, mata ma suna zuwa.

Zancen sanyi kuwa, Allah ya taimake ki da bikin ya faɗo a Yuni. Lokacin akwai ɗumi, ana kuma yin ruwa da tsawa jefi-jefi. Da a Janairu ne da na ce ki aika da addu'a kurum. Sanyin hunturunmu wanda ke sa mu kwana da kaskon wuta, wasan yara ne a wurinsu. A ƙarshen Janairu 2019 ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri da wajen digo 30, bakin tafki ya daskare. Ana yi wa garin laƙabi da Birnin Iska. Ni a watan Oktoba na je, na ga rana ta fito tangararan, na ɗauki mayafi shara-shara da silifa na nufi bakin ruwa ina taƙama ni 'yar Sakkwato ce, rana ba ta ba ni tsoro. Ban yi minti goma ba haƙorana suka fara kaɗawa, sai da wata tsohuwa Baturiya ta nuna mini kantin da ake sayar da safa. Ko a Yuni ki riƙe rigar sanyi guda da takalmi rufaffe mai daɗin tafiya. Lulluɓinki kuwa ki sa abinki, Musulmi suna da yawa a garin, ba wanda ya tsaya kallona.

Rana ta biyu ta biki ce, ba ni da abin cewa a kanta sai Allah ya sanya alheri. Ki dai tafi da hankici.

Rana ta uku ita ce ta ganin gari, nan fa ake yin kuskure. Baƙo yakan so ya ga komai, ya wuni yana tsere daga wannan layi zuwa wancan, ya komo masauki da ciwon ƙafa, in an tambaye shi abin da ya gani ya rasa ta cewa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Shawarata, da safe ku shiga jirgin ruwan da ke yawo da baƙi cikin kogin da ya ratsa tsakiyar gari. Awa ɗaya da rabi ne, kina zaune, benaye suna wucewa dama da hagu, wani yana ba da tarihinsu. Nan za ki ji labaru biyu waɗanda suka sa garin ya zama yadda yake.

Na fari labarin gobara. Ran 8 ga Oktoba 1871, bayan an daɗe ba a yi ruwa ba, wuta ta tashi da dare. Yawancin gidajen na katako ne, ga iska. Sai ran 10 ga wata ta mutu. Mutum wajen 300 suka hallaka, wajen 100,000 suka rasa wurin kwana, watau kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. Mu da muka ga abin da wuta ta yi wa babbar kasuwarmu a Janairu 2021 mun san ɗacin abin. To, da wa aka ɗora wa laifi? Wata matalauciya mai sayar da madara, Catherine O'Leary. Aka baza labari wai tana tatsar saniya da dare, saniyar ta shure fitila. Daga baya wani ɗan jarida ya amsa cewa ƙirƙirar labarin aka yi, amma bakin duniya ya riga ya kama ta, ta rasu a 1895 tana ɓoyon mutane. Sai a 1997 majalisar garin ta wanke ta, bayan shekara 126. Kun ji fa, 'yan'uwa, ko a Amurka in tuwo ya ƙone mace ake nema. Bayan gobarar aka sake gina garin da dutse da ƙarfe, a 1885 aka gama wani bene mai hawa goma bisa ƙashin ƙarfe, wanda ake cewa shi ne kakan dogayen benayen duniya.

Na biyu labarin kogin da kike bisa kansa. Da can cikin tafki yake zuba, ɗauke da dukan ƙazantar gari, mutane kuma daga tafkin suke sha. Zazzaɓin taifod ya yi ta kashe su. Sai suka haƙa wata babbar hanyar ruwa mai tsawon mil 28, a shekarar 1900 suka juya kogin ya koma gudu da baya, ya bar tafki ya nufi kogin Misisifi. Mutanen birnin Sen Luwis da ke ƙasa suka ce ba su yarda a turo musu ƙazanta ba, har aka je kotu. Na tuna da wannan ran da na ga wata maƙwabciyata ta haƙa masai kamu kaɗan daga bakin rijiyarta.

Da rana sai ki zaɓi abu ɗaya. In kina da ƙarfin zuciya, ga benen Willis, wanda aka sani da Sears kafin 2009. Shi ne ya fi kowane bene tsawo a duniya daga 1974 har 1998. Ana hawa da baƙi zuwa hawa na 103, inda aka liƙa waɗansu akwatunan gilashi a jikin bango ta waje, ki tsaya ciki ki ga motoci ƙarƙashin tafin ƙafarki kamar tururuwa. Ni dai na leƙa na ja da baya, na ce wanda ya hau ya ba ni labari. In kuwa kin fi son abin da za ki ba jikoki labari, ku tafi gidan tarihi na Field a bakin tafki. Akwai ƙasusuwan wata dabbar zamanin da mai tsawon ƙafa 40, wadda wata mace, Sue Hendrickson, ta gano a 1990, aka sa wa dabbar sunanta. Akwai kuma zakoki biyu marasa geza waɗanda suka addabi masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Tsabo ta ƙasar Kenya a 1898, suna shiga bukkoki da dare suna ɗauke mutane. Ga su nan an cusa fatunsu, sun tsaya shiru cikin gilashi. A kan hanyar komowa ku ratsa ta lambun Millennium, ku ɗauki hoto gaban wani ƙaton ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi, wanda mutanen garin ke kira Wake domin siffarsa. Wannan kyauta ne.

Da ina da yini na biyar da na aike ki gidan Hull, wanda Jane Addams da ƙawarta Ellen Gates Starr suka buɗe a 1889 cikin unguwar matalauta baƙin haure, suna renon yara, suna koya wa iyaye mata karatu da sana'a. A 1931 aka ba Jane Addams lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ce macen Amurka ta farko da ta samu. Da na ji tarihinta sai Nana Asma'u ta faɗo mini a rai, wadda ta riƙa naɗa wa jajis malfa tana aika su ƙauyuka su karantar da 'yan taru, ta kuma rasu wajen shekara 25 kafin a buɗe gidan Hull. Amma kwana huɗu aka ce, kuma rana ta huɗu na riga na yi mata miji.

Ranar nan arewa za ki nufa. Jiragen ƙasa na cikin gari da launi ake kiransu. Shuɗi shi ne mai ɗauko mutane daga filin jirgi na O'Hare zuwa tsakiyar gari cikin minti 45 ko kusa da haka, dare da rana. Ke kuwa Ja za ki shiga har tashar Howard, can ki sake mai launin shunayya zuwa wani ƙaramin gari mai suna Evanston, mil 12 daga tsakiyar Shikago, shi ma a bakin tafki. Nan Jami'ar Northwestern take. A 1948 wani malami, Melville Herskovits, ya kafa sashen nazarin Afirka a cikinta, a 1954 kuma aka buɗe ɗakin littattafan Afirka wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Yana cikin mafi girman irinsa a duniya.

A cikin ɗakin nan akwai littattafan wani Bakano, Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya, wanda ya rasu a 1962. Yana fatauci yana tara littattafai, har suka haura 3,000. Yawancinsu rubutun hannu ne da Larabci, waɗansu kuma Hausa ce da ajami. Akwai fiƙihu da tauhidi da nahawu, akwai waƙoƙin bege, akwai na magani da hisabi. Ban da nasa akwai waɗanda John Paden ya tara, mutumin da ya rubuta tarihin Sardauna Ahmadu Bello a 1986, da na John Hunwick, wanda ya yi shekaru yana bin sawun abin da malaman ƙasashenmu suka wallafa, ya rasu a 2015. Cikin wannan taro akwai kwafe-kwafen littattafan Shehu Usmanu, da na ƙanensa Abdullahi, da na ɗansa Bello.

Ba na ɓoye muku, da aka ajiye mini takardun nan a gabana, falle-falle, ga baƙar tawada ga jan wasali, irin rubutun da muka koya a allo, sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ta taga ina hangen ruwan tafki, a gabana kuwa hannun wani malami ne da ya zauna a zaure bisa buzu ya kwafe su. Da fari raina ya sosu, na ce me ya kawo gadonmu nan, inda sai mai biza zai gan shi? Sa'an nan na duba yadda aka adana su, kowane da lambarsa, cikin ɗaki marar zafi marar laima, an rubuta sunayensu a kundi yadda ɗalibi zai nema ya samu. Sai na tuna da gafakar kakana wadda muka buɗe bayan rasuwarsa muka tarar gara ta riga mu karantawa. Har yau ban gama raba gardamar nan a zuciyata ba. Abin da na sani dai, da na komo gida kunya ta kama ni, domin na ƙetare teku na ga littattafan Shehu, alhali ban taɓa taka gidan tarihi na Waziri Junaidu ba, wanda ke nan cikin garinmu, kuɗin keke-napep kaɗai tsakanina da shi. A makon na tafi. Ku 'yan makaranta, ku roƙi malamarku ta kai ku. Ke kuma Hajiya, ba a faɗa wa ɗakin nan haka kawai. Ɗiyarki ta rubuta musu tun da sauran mako biyu ko uku, ta faɗi ranar zuwanku da abin da kuke son gani, a kuma tabbatar ba ranar hutu ba ce. Marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, da ya ziyarci Amurka a watan Yuli 1961 bisa gayyatar Shugaba Kennedy, sai da ya sauka Shikago, kin ga ba ke ce farkon mai jin Hausa da ta sha iskar tafkin nan ba.

A kan hanyar komowa ku sauka titin Devon. Lambarsa 6400 ta arewa, in kin yi lissafin da na koya miki kin san mil takwas ke nan daga tsakiyar gari. Nan 'yan Indiya da Pakistan suka yi sansani, ga mahauta masu yankan Musulunci, ga shinkafa da nama mai yaji, ga kantunan yadi da gyale da turare. Nan za ki ci ki ƙoshi hankali kwance. A unguwannin da ke kusa kuma akwai gidajen abincin 'yan Nijeriya da kantunan kayan miyarmu. A sauran wurare ki lura, naman alade ya yi yawa cikin abincinsu. In kin ga an rubuta pork, ko ham, ko bacon, ko pepperoni, ki kauce. Garin ya yi suna da wata irin fiza mai kauri wadda ake gasawa cikin kasko mai zurfi. Ki ce a ba ki ta cuku da ganye zalla, yanka ɗaya ya ishe ki har dare.

Sauran zancen kuɗi. Farashin da aka liƙa a jikin kaya ba shi ne za ki biya ba, a wurin biya ake ƙara haraji, wajen kashi 10 cikin 100. Ba a ciniki a kanti, kada ki ce "nawa za a rage", su yi zaton wasa kike. In kun ci abinci a inda ake kawo wa mutum har tebur, al'ada ce a bar wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 na kuɗin, da shi suke rayuwa. Asibitinsu tsada gare shi ƙwarai, saboda haka a saya miki inshorar tafiya tun daga gida, ki kuma ɗauki magungunanki cikin kwalayensu tare da takardar likita. Lambar neman agaji 911 ce. Garin yana da unguwannin da ba a yawo cikinsu da dare, kamar kowane babban birni, ɗiyarki ta san su, ki bi maganarta ko da ke kika haife ta.

Tsaraba kuwa, kada ki cika akwati da atamfa, wadda ke kasuwarmu ta fi tasu kyau da araha. Ki sayo wa yara fensira masu launi da littattafan hotuna daga kantin gidan tarihi, maigida kuma safa mai kauri domin sallar asuba da hunturu. Ni kuwa, in kin je Evanston, ki tambayi mai kula da ɗakin ko an yarda a ɗauki hoto. In ya yarda, ki ɗauko mini falle ɗaya na ajami, mu buga shi a wannan fili, mu ga ko cikin 'yammatanmu akwai wadda za ta iya karanta mana shi.